Shekarar da Na Fasa Tagar Ɗakin Jego

Na san abin da ake faɗa muku a Madekali in kun je gaisuwa. An ce uwarku ta ture Gwaggonku Hajo har ƙasa, tsohuwa mai furfura, yayar mijinta ciki ɗaya, kuma a tsakar gida mata na kallo. To ba ƙarya anka yi mini ba, na ture ta. Sai dai mai ba da labarin kullum daga turin yake farawa, kamar wata mahaukaciya ce ta tashi da safe ta rasa aikin yi. Ni daga rishon babanku zan faro muku, don shi ne mafarin komai, kuma ina so ku ji daga bakina tun ƙafata na taka ƙasa.

Babanku, Allah ya jiƙansa, kamyo, babbar motar kaya, ya ja har ƙarshen rayuwarsa, daga Kwatano ya ƙetare gadarmu ya nausa arewa. A wata tafiya ce ya dawo daga Arlit da wani dogon risho wanda ya kai mini gwiwa, ba na girki ba, na ɗumama ɗaki. Tankin kalanzir a ƙasa, lagwani zagayayye kamar hannun riga, sai raga ta ƙarfe mai ƙananan huji a sama, wadda ke yin jawur in ya kama. Unguwarmu kaf ba mai irinsa, kowa kaskon gawayi ya sani. Mu da ke kusa da gulbi kuwa, in ɗari ya sauka, sanyi daga ruwa da fadamun shinkafa yake tasowa ya shige ƙashi, mayafi biyu ba su raba ka da shi. Ɗan Arlit muke ce wa rishon, kuma babanku ya fi ji da shi bisa agogon hannunsa.

Bai taɓa yarda a kai shi wajen mai gyara ba. Kowace shekara, da an fara jin sanyin asuba, zai shimfiɗa tabarma a tsakar gida da hantsi, ya ajiye tsohon faranti, ya kwance shi gunduwa-gunduwa. Kalanzir ɗin bara a zubar, don ya sha ruwa. A ɗauraye tanki da sabo, a tace wanda za a zuba da ƙyalle mai tsabta. Lagwani a bar shi ya ci wuta a waje har ya ƙafe, sannan a goge baƙin da ya daskare a bakinsa da tsohon burushin haƙori, a daidaita shi kada wani gefe ya fi wani tsawo. Raga kuma huji-huji ake binta da tsinken tsintsiya, a wanke, a shanya a rana sai ta bushe ƙayau. Da farko ni mai miƙa kaya ce, ina mita, ina cewa tuwona na jirana. Daga baya ya ce shi ɗan hanya ne, wata shekara sanyi zai zo ba ya gida, sai ya sa ni na kwance na mayar da hannuna yana kallo. Da ya kunna ya ja ni na durƙusa.

"Bibata, dubi nan. In ta yi shuɗi ta kwanta, tana lahiya. In ta yi ja tana lilo, kashe ta. Kuma komi sanyi, ki bar mata taga ko yatsa huɗu ne."

"To ina amfanin ɗumin in taga na buɗe?"

"Wutar ga numfashi take kamar mu. In kinka hana ta iska naku za ta ɗauka, kuma ba ta sallama."

A ranar ce ya ba ni labarin abokan aikinsa biyu da sunka kwana cikin kan mota a hanyar Agadas, sun rufe gilasai ruf, da ɗan kaskon shayinsu a ƙasa. Da safe anka same su a kwance kamar masu barci, fuska lafiya lau, ba alamar sun yi ko motsi. Ya ce abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne jikinsu da sauran ɗumi. Wallahi labarin nan ya zauna mini a ƙirji kamar dutse. Bayan rasuwarsa ban taɓa tsallake shekara ban wanke Ɗan Arlit ba, kuma ban taɓa kunna shi na rufe taga ba.

Yanzu sai maganar yayarku. Ku da kunka taso kuna jin ina ƙwala muku kira daga nan har bakin titi, kun san ita ban taɓa ambaton sunanta ba. Ɗiyar fari ce. Haka munka iske, haka uwata ta yi wa nata ɗan farin. Ba a kiran suna, ba a ɗaukarta gaban mutane, in ta faɗi ka kau da kai wani ya ɗaga ta, ko da hanjinka na tsinkewa. "Ke" nake ce mata, ko "'yar nan". Da anka yaye ta Gwaggonku Hajo ta zo ta goya ta zuwa Madekali, can ta girma. Kada ku ɗauka Gwaggo muguwa ce. Ta haifa ba ɗaya ba, ba biyu ba, kuma duk a lokacin ɗari ciwon haƙarƙari ya ɗauke mata su tun suna zanen goyo. Yayarku ce kaɗai ta taɓa rayuwa a hannunta. Matar da ta binne ɗiyanta saboda sanyi, in ta ga taga a buɗe mutuwa take gani tana leƙowa.

Da yayarku ta samu cikin fari anka kawo ta gidan nan goyon ciki. A lissafinmu sai ɗari ya wuce za ta haihu. Ni kuma kasuwar albasa ta buɗe, ina ta cewa bari Juma'a ta zo in wanke risho, bari wata ta zo. Kwatsam naƙuda ta taso, wata bakwai. Anka samu namiji, bakwaini, ɗan mitsitsi, fatarsa kamar ta albasa, kukansa sai ka kasa kunne. Matan likita sunka ce a riƙe shi da ɗumi a jikin uwarsa, sanyi kaɗan ya isa ya kai shi. Ranar da munka dawo gida, ranar ɗari ya sauka da ƙarfinsa.

Gwaggo ta iso bisa babur da ƙunshin ganyenta da kanwarta, ta karɓe ɗakin jego, kuma haƙƙinta ne. Ni aikina in hura wuta, in jawo ruwa, in dama kunu in miƙa daga bakin ƙofa. Kafin in ankara ta shiga ɗakin ajiya ta ɗauko Ɗan Arlit yadda na bar shi tun bara, ta kunna. Na kawo kunu na hango wutar ta gefen labule, ja tana lilo, wani siririn baƙin hayaƙi na tashi. Na jira ta fito, na yi ƙasa da murya.

"Yaya, rishon ga yana son wanki. Bana ban taɓa shi ba."

"Mi ya same shi? Ba ga shi yana ci ba?"

"Wutar ba ta yi daidai ba. Kuma da an ɗan sassauta tagar…"

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ɗaga murya don matan da sunka zo barka su ji.

"A'a! Ku ji mini Bibata! Yau kuma ɗiyar fari ake wa rawar jiki? Kunya ta ƙare duniya. Taga a kan bakwaini? Ke tahi ki ji da tukunyarki, jego ba yau na fara shi ba."

Mata sunka kwashe da dariya, wata har da cewa kaka sabuwa ta zauce. Na koma madafa fuskata na zafi.

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ni a ranar tafiyar na fafe nawa. Da la'asar, Gwaggo ta kai mai jego bayan ɗaki wanka, maƙwabciyarmu Fati na riƙe da jariri cikin zanenta, na lallaɓa na sunkuto rishon kamar ɓarauniya a gidana, na kai bayan madafa. Da na cire ragar sai da na yi salati. Zanzaro ya yi gini a ciki, laka ta toshe kusan rabin hujin. Kalanzir ɗin ya yi duhu, da ruwa kwance a ƙasan tanki. Na zubar, na ɗauraye, na bi raga da tsinke, ina sauri har tsinken na karyewa, kunnena na wajen ƙarar ruwan wanka don in san ko sun gama. Sai na zo kan lagwani. Gefe ɗaya ya cinye, ya yi gajere, ya ƙandare kamar busasshiyar fata. Na goge, na daidaita iya iyawata, na kunna na gwada. Rabi shuɗi, rabi ja. Irin lagwaninsa kuwa ba a samu a kasuwarmu, duk girmanta. Na aika wa wani tsohon abokin babanku mai shiga Gaya kullum, ya ce zai duba, in babu sai an sa a taho da shi daga Yamai.

Na zauna a ƙasa da rishon gabana ina tunani. In na ɓoye shi, Gwaggo kaskon gawayi za ta shigar, wanda ya fi shi sharri. In ba wuta sam, yaron nan ba zai kai suna ba. Gaba kura, baya siyaki. Na mayar da shi inda na ɗauko, na ce a raina da lagwanin nan zai iya lallaɓawa, muddin taga na shan iska.

Daga nan munka shiga yaƙin taga, ni da Gwaggo, ba wadda ta ce wa wata uffan. Tagar katako ce mai marfi biyu, tana kallon bayan gida. In na zaga kamar zan ɗebo itace sai in sa yatsa in ja marfin kaɗan. In na sake zagawa in iske an rufe, an cusa tsumma a tsagar. In zare tsumman, ta mayar da wanda ya fi shi kauri. Kwanakin nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Ina sallah ina kasa kunne, in na ji ɗan kukan nan kamar na kyanwa sai in ce alhamdu lillahi, in ya yi shiru sai in rasa raka'ar da nake. Wani lokaci kuma in na buɗe tagar iska mai sanyi ta bugi hannuna, sai wani tsoron ya kama ni, in ce to in Gwaggo ce ke da gaskiya fa? In ni ce zan kashe shi da hannuna? Ana saura kwana biyu suna na zaga da yamma na ja marfin, ya ƙi motsi. Ta sa an buga kwali da buhu daga ciki, da ƙusa.

Washegari rana ta fito amma ba ta yi zafi ba. Gwaggo tun asuba take waje tana tafasa ruwan wanka, ta ɗaure kanta da ɗankwali tamau, tana cewa kanta kamar zai rabe, har ta yi amai a gindin dogon yaro. Ta ce goron jiya ne bai karɓe ta ba. Akwai kazata da ta ƙyanƙyashe a makon, Gwaggo ta kife 'yan tsakin cikin kwando ta shigar da su ɗakin jego don kada sanyi ya kashe su. Sai na ga ta shiga, ta fito da kwandon, ta ja ƙofa ta rufe gam, ta zo ta juye shi a bakin juji.

"Kin gani ko? Sanyin bana ba na wasa ba ne. Cikin ɗaki ma bai bar su ba. Da na biye miki da yanzu wani zance ake."

"Su fa?"

"Barci suke, uwa da ɗa. Kada wanda ya tashe su, jiya ba su runtsa ba."

Na sunkuya na ɗauki ɗan tsako ɗaya. Ba rauni, ba komai, wuyansa ya langaɓe bisa yatsana. Da ɗuminsa. Na taɓa na biyu, na uku, duk da ɗuminsu. Sanyi ba ya kashe abu ya bar shi da ɗumi. Sai labarin babanku ya faɗo mini gaba ɗaya, mutanen nan biyu cikin mota. Sannan na tuna tun da na sallame sallar asuba ban ji kukan yaron ba.

Ban san lokacin da na isa ƙofar ba. Gwaggo ta riga ni, ta tare da hannu biyu, tana cewa in ji tsoron Allah, za ni shigar musu da iska. Na ce Yaya ki kauce. Ta ce sai dai in bi ta kanta. Fati da wasu mata biyu da sunka zo taya mu dakan yaji suna tsaye da taɓare a hannu, baki buɗe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na sa hannu biyu na ture ta, na ji ƙarar faɗuwarta bisa turmi, ban waiga ba.

Ɗakin ya yi ɗumi mai nauyi, idona ya kama yaji. Wutar risho ta koma ja gaba ɗaya, ragar da na wanke ta yi baƙi ƙirin. Na murɗe shi ya mutu. Yayarku na kwance rigingine, hannu ɗaya ya zubo ƙasa, yaron bisa ƙirjinta. Na fizge shi na fita da gudu na danƙa wa Fati, ya yi laƙwas kamar tsumma. Na koma na kama yayarku, na kasa ɗaga ta, kaina ya fara juyawa. Na fito na warce taɓarya daga hannun wata, na zaga baya na dinga dukan tagar nan, marfi da kwali da buhu, har ta faɗa ciki. Sannan munka kamo ta ni da matan, munka shimfiɗe ta a tsakar gida.

Ba ta motsi. Anka yayyafa mata ruwa, anka yi mata fifita. Gwaggo ta jawo jiki a ƙasa, ƙugunta ya bugu ba ta iya tashi, ta kama ƙafarta tana kiranta, tana kuka, tana kiranta. Shiru. Ni ina girgiza kafaɗarta ina "ke! ke! 'yar nan!" kamar sakarya. Na ga leɓenta, na ga idonta a rufe, na ce shi ke nan, za ta tafi ban taɓa kiranta ba ko sau ɗaya. Sai na ji wata murya ta fito daga cikina, ta cika gidan, har maƙwabta sunka ji.

"Zalika! Zalika, tashi!"

Ta ja wani dogon numfashi kamar wadda anka tsamo daga gulbi. Ta buɗe ido, ta juya ta kama amai. A bayana kuma na ji Fati na cewa ya yi, ya yi, yana motsi, don tun ɗazu take murza masa baya tana hura masa fuska. Sai ga ɗan kukan nan na kyanwa. Na zauna daɓas cikin ruwan da anka zubar.

Kabu-kabu biyu sunka kai mu likita bisa babur. Anka sa musu iska a hanci, uwa da ɗa. Mai duba su ya tambayi abin da ke ci a ɗakin, da na faɗa masa sai ya girgiza kai kawai. Amma kada ku ce daga nan komai ya yi daɗi. Fitar da anka yi da yaron cikin sanyin safiya, da iskar babur, ta sa masa tari. A likita anka raɗa masa suna, sunan babanku, ba taro ba kiɗa. Kwana da kwanaki ƙirjinsa na kuka, ni ina zaune a waje bisa benci, duk wanda ya fito daga ɗakin sai in dubi fuskarsa in ga ko da labari. Anka kawo mini cewa Gwaggo ta ce ga abin da take gudu nan, ga aikin tagata. Ba zan ce duk ƙarya ta yi ba. Allah dai ya yi da sauran shan ruwansa, ga shi nan yau, angon nawa, ya fi ƙofa tsawo, yana cinye mini tuwo ba ya kawo cefane.

Gwaggo ta koma Madekali kafin a sallamo mu, kuma da sanda ta ƙarasa rayuwarta. Wannan ina ɗauke da shi. Na je ban haƙuri da goro, na koma, na sake komawa. Tana amsa gaisuwata, amma ba ta ƙara cin abincin gidan nan ba har ta koma ga Allah. A zuwana na ƙarshe na durƙusa na ce Yaya ki yafe mini turin nan. Sai ta dube ni.

"Turi? Bibata, ƙashi ne, ya ɗinke. Ni na goya ta, ni na yi jinyar ƙyandarta, ni na kai ta ɗakin miji. Ranan nan ina riƙe da ƙafarta, na kira ta har muryata ta dushe, ba ta ji ni ba. Ke kinka kira sau ɗaya, ta amsa."

Na ajiye goron na taso, ina kuka bisa babur har munka shigo gari.

Sabon lagwani ya iso daga Yamai bayan an yi arba'in. Na sa shi, kuma har yau da hannuna nake wanke Ɗan Arlit kowace shekara, tun kafin a fara jin sanyin asuba, ba na jiran wata Juma'a. Tagar kuwa da kafinta ya zo gyara na ce ya rage marfin, ya bar tsaga a sama wadda ba mai iya rufewa. Ita ce kuke yi mini tsiya a kanta, kuna cewa Inna ta biya kuɗi an yi mata taga mai giɓi.

Saura abu ɗaya. A likita, ranar da anka cire mata robar hanci, na shiga kai mata kunu, ba kowa a ɗakin sai mu biyu da yaron yana barci. Na ajiye kwanon zan juya, sai ta riƙe bakin zanena. Muryarta ba ta gama dawowa ba.

"Inna."

"Mi ne ne?"

"Ashe kin san sunana?"

Na ce ta sake mini zane, marar kunya, kunu na hucewa. Na fita na zaga bayan ginin inda ba kowa, na toshe bakina da mayafi. Tun daga ranar ban sake kiranta ba, kuma ban ba ta amsa ba. Ku zan ba amsar. Tun ranar da anka raɗa mata sunan nan, ban taɓa ɗaga goshina daga sujada ban faɗe shi ba, a hankali, inda ba mai ji sai Allah. In kun ga dama ku gaya mata. Ni dai ba zan iya ba.